Haɗa kwafin motar tsere Ford Torino Talladega ta 1969: daga ina ake farawa?

Nura: Assalamu alaikum jama'a. Tambayata ga masana: idan mutum ya samu bodin Ford Torino ko Fairlane ta 1969, mai gangararren baya, yana son ya mayar da ita sak irin wadda aka yi tseren NASCAR (hukumar tseren motoci masu siffar na kasuwa) da ita a Amurka a wannan shekarar, wato Talladega, da me zai fara? Inji ne farko ko bodi?

Alhaji Garba: Wa'alaikumus salam. Ba ko ɗaya ba, Nura. Ka fara zaɓar mota ɗaya da rana ɗaya. A 1969 kaɗai motocin Ford sun fito da kama har iri uku. A tseren Riverside na farkon kaka, Richard Petty ya yi nasara da Torino mai hanci irin na kasuwa. A Daytona 500 cikin Fabrairu dogon hancin Talladega ya fito, LeeRoy Yarbrough ya ci da lamba 98 ta Junior Johnson, amma injin 427 ne a ciki, wato mai girman kubik inci 427. Sai a tseren Atlanta na ƙarshen Maris aka bar su su sa sabon injin Boss 429. To ka ga idan ka ɗora 429 kuma ka ce motar Daytona ce, duk wanda ya san harkar zai gane tun kafin ka rufe bonet. Ka tara hotunan motar da ka zaɓa a wannan tseren, gefe da gaba da baya da ciki, su ne alƙalinka.

Abu na biyu, kada a yanka Talladega ta asali. Kimanin 750 kawai aka ƙera a masana'antar Atlanta a farkon 1969, don dokar NASCAR ta ce sai an sayar wa jama'a aƙalla 500 kafin a shiga tsere da samfurin. Bodin Fairlane ko Torino na 1968 ko 1969 mai wannan bayan ya wadatar.

Bashir: Ni a ganina wahala ce kawai. A sayi tsohon shasin NASCAR na shekarun 1990, a ɗora bodin a kai, an gama. Keji, wato ƙarafan da ke kare direba, yana nan, birki yana nan.

Malam Sani mai walda: Bashir, ɗauko awo tukuna. Daga 1981 NASCAR ta rage tazarar tayar gaba da ta baya zuwa inci 110. Torino inci 116 ce, milimita 2,946. Inci shida za ka ƙara a tsakiyar shasi, ka sake keji, ka sake farfela. Kuma bayan wancan shasin dogayen hannuwa biyu ne irin na a-kori-kura ta Chevrolet da sifirin mai naɗi, alhali Torino ta tsere a 1969 sifirin mai ganye gare ta a baya. Mutum yana duƙawa zai gani.

Abin da kamfanin Holman-Moody na garin Shalot, mai ƙera wa Ford motocin tsere, ya yi shi ake kira rabin shasi, kuma nan ne zuciyar aikin. Torino ba ta da shasi daban, bodin ne ke ɗauke da kansa, sifirin gaba yana zaune a kan hannun sama cikin dogayen gidajen shakazoba da suka cinye wurin inji. Sai suka yanke duk abin da ke gaban bangon da ya raba inji da direba, suka dasa gaban shasi mai tsarin babbar motar Ford Galaxie ta 1965, inda sifirin yake kan hannun ƙasa. Wannan ya ba da ƙarfi, ya ba da fili, kuma tsarin ya daɗe ana gina motocin tsere a kansa shekaru da yawa bayan nan.

Yadda ake yi: a ɗora bodin a kan teburin ƙarfe da aka daidaita da ma'aunin ruwa. Kafin a taɓa shi da abin yanka, a walda ƙarafan riƙo a ƙofofin biyu da giciye a ciki, domin da zarar an cire gaba bodin zai saki, ƙofa ta daina shiga gurbinta. A ja layin tsakiya a kan teburin, a saukar da igiya mai dalma daga idon sifirin baya na kowane gefe a yi alama. Daga nan ake auna inda tsakiyar tayar gaba za ta faɗa. A zura ƙarfe mai kusurwa huɗu, inci 2 da 4, kaurin milimita 3, cikin dokin ƙofa na kowane gefe tun daga gaba har mazaunin sifirin baya, shi zai haɗa sabon gaban da tsohon bayan. A ɗiga walda kaɗan-kaɗan, a auna kusurwa zuwa kusurwa, bambanci kada ya wuce milimita 3. Sai an tabbatar sannan a cika walda, ana tsallake-tsallake daga gefe zuwa gefe. Wanda ya zauna ya cika gefe ɗaya gaba ɗaya, zafi zai ja ƙarfen, motar ta riƙa tafiyar kaguwa.

Nura: Malam Sani, Galaxie ai ta fi Torino faɗi. Yaya ake yi da wannan?

Malam Sani mai walda: Ana rage faɗin a tsakiyar ƙarfen giciye, kuma a nan mutane ke faɗawa rami. Duk abin da ka rage a shasi sai ka rage daidai shi a sandar tsakiya ta sitiyari. In ba haka ba, mahaɗar sandar taya ba za ta yi layi da mahaɗar hannun ƙasa ba, duk lokacin da taya ta hau ko ta sauka sai ta juya da kanta, mota ta riƙa kwasa a kan gargada. Gwajinsa mai sauƙi ne: cire sifirin, ɗaga hannun da jak inci biyu sama da inci biyu ƙasa da inda mota ke zama, kana auna buɗewar taya. Idan tana motsi fiye da milimita ɗaya a kowane inci, gyara tsayin mahaɗar. Ita kuwa sandar sitiyarin, a ba masu injin sassaƙa ƙarfe su yi ta yadda ya kamata, a gwada ta da ruwan gano tsaga. Ba wurin gwanintar walda a tsaye ba ne.

A saman kowane sifirin gaba a sa babban noti mai zare da ake murɗawa a ɗaga ko a sauke kusurwar. Shakazoba biyu-biyu a kowace taya, haka suke a lokacin.

Alhaji Garba: Ka yi maganar keji, Malam, don na san abin da wasu za su ɗauko.

Malam Sani mai walda: Ranka ya daɗe, bututun ruwa za su ɗauko. Haramun ne a wannan aikin. Yana da ɗinki a jikinsa, yana tsagewa ta nan, kuma farin rufin da ke kansa hayaƙinsa guba ne ga mai walda. Bututu mara ɗinki ake nema, inci ɗaya da uku bisa huɗu, kaurin milimita 2.4 zuwa 3. A lanƙwasa da injin lanƙwasa mai daidai bakinsa, ba a gasa shi da wuta a cika shi da yashi ba. Kowace ƙafar keji ta sauka a kan ƙarfen dokin ƙofa ko faranti mai kaurin milimita 4, ba a kan gwangwanin daɓe ba. Mahaɗun sama da ke manne da rufi ba sa waldu a zagaye, don haka a huda daɓen a sauke kejin ƙasa, a cika waldar sama, a ɗaga shi a toshe ramukan. Sandunan ƙofa a kwance suke, a ɗan turo su waje cikin ƙofar da aka ƙwaƙule. Kada a sa sandar nan da ke saukowa ta tsakiyar gilashin gaba, ta shekarun 1990 ce.

Ɗanlami fanabita: Bari in shigo da hanci. Abubuwa huɗu suka bambanta Talladega. An ƙara wa madigadin gaba tsawon inci biyar zuwa shida, an sa faranti mai gangarowa tsakanin bonet da ragar gaba. Ragar an turo ta waje ta yi daidai da baki, ba a lotse ba, don kada ta kama iska. Bambar gaba kuwa bambar baya ce: aka yanka ta, aka rage faɗinta, aka ɗan karya ta a tsakiya ta yi tsini, aka toshe gefunanta, sannan aka sake mata ƙyalli. Na huɗun shi ne wayon da ido ba ya saurin kamawa. An sake naɗe dokin ƙofa ya ɗaga sama da inci ɗaya, saboda daga nan masu duba mota ke auna tsayinta daga ƙasa, sai aka samu damar sauke motar inci ɗaya ba a karya doka ba. Wanda ya bar dokin ƙofa na kasuwa, ko hancinsa ya yi kyau, motar za ta tsaya ƙerere.

Akwai hancin roba mai zare da ake sayarwa, yana rage aiki, amma na asali ƙarfe ne. Idan da ƙarfe za a yi, a yanka katako a fitar da siffar layin tsakiya daga bamba zuwa gilashi, da wani na kan kowane madigadi, a riƙa ɗorawa ana dubawa. NASCAR kanta da irin wannan ma'auni ta fara duba motoci a 1967, bayan Junior Johnson da Smokey Yunick sun kawo motocin da aka sauya musu siffa a ɓoye. A haɗa ƙarfe baki da baki, ba a ɗora wani kan wani ba, don ruwa na kwanciya a tsakani ya zama tsatsa. Bakin madigadi a buɗe shi da guduma kaɗan don taya ta samu wuri. Kaɗan na ce. Manyan kumatun nan na shekarun da suka biyo baya ne.

Fitilun gaba a rufe da farantin alminiyam. Bonet da but a riƙe su da fil. Gilashin gaba da ƴan maƙalai, na baya da ɗamara biyu ta ƙarfe. Salansa babu, bututun hayaƙi ta ƙarƙashin ƙofa yake fitowa gaban tayar baya.

Injiniya Hadiza: Na ga an bar min inji. Nura, idan aljihu ba mai zurfi ba ne, zaɓi motar Fabrairu, wato ta Daytona mai 427. Boss 429 tsada gare shi ƙwarai, a cikin Mustang ma aka sayar da shi don cika sharaɗin doka. Shi kuwa 427 ɗan gidan injinan Ford da ake kira FE ne, kuma 390 da 428 duk kamarsu ɗaya daga waje. Bambancin a ciki yake: faɗin silindar 427 inci 4.23, ta 390 inci 4.05, tafiyar fistin duka 3.78. Kada wani ya ce zai rarake 390 ta kai 4.23, bangon silinda zai huje cikin ruwa. Ƙarin inci 0.030 lafiya lau, fiye da haka sai an auna kaurin bango da na'ura. Mai ido zai gane 427 da notuna uku a kowane gefen bulok ƙasa-ƙasa, waɗanda ke riƙe mazaunin kiranshaf ta gefe, da kumburin hanyar baƙin mai a gefen hagu. Ana ƙera sababbin bulok masu wannan siffar ga wanda ya matsa.

Top silindar tsere ta lokacin tana da manyan ramukan iska zagayayyu har sandar tura bawul ta ratsa ta tsakiyarsu. Sai inji ya haura juyi 4,000 take farkawa, a ƙasa da haka mota kamar mai jin barci. Ga motar da za a riƙa kunnawa ana zagayawa, top mai matsakaitan ramuka ta fi. Matsin silinda kuma a tsaya a 9.5, ba 12 da ɗoriya irin na masu tsere ba, musamman ga wanda zai kunna ta da man gidan mai a zafin Kano ko Yamai. Kafireta ɗaya mai baki huɗu ta Holley. A 1969 ne babbar kafiretarsu Dominator ta fito, amma a kan 390 ta yi yawa, mai awon iska 750 ta isa, kuma tana ɓuya a ƙarƙashin murfin iska. Murfin nan a haɗa shi da gindin gilashin gaba, daga nan suke shan iska.

Inda FE ke mutuwa baƙin mai ne. Yana tura mai da yawa sama wurin bawul, kwano ya bushe a ƙasa. A sa ƴar matsewa mai ramin inci 0.070 zuwa 0.090 a hanyar da ke hawa kowace top. A buɗe hanyar da ta taso daga famfo zuwa mazaunin filta, a goge kaifin kwanarta. Kwanon ya zama mai shinge a ciki, don a doguwar kwanar hagu mai yana tarewa a dama ya bar bakin famfo yana shan iska. Tazarar bakin famfo da gindin kwano milimita 8 zuwa 10, a gwada da ɗan curin laka kafin a rufe. Idan aka haɗa kayan 428, a tuna fulawil ɗinsa yana da nauyin daidaito a jiki, na 390 da 427 babu. Aka musanya su, jijjiga za ta cinye boris.

Kunnawar farko: kamshaf irin na da yana son baƙin mai mai sinadarin zinki, a cire ƙananan sifirin bawul na ciki, inji yana tashi a kai shi juyi 2,000 zuwa 2,500 na minti 20 zuwa 30, ana ɗan sauya totur, ba a bar shi yana silo ba. Jerin wuta 1-5-4-2-6-3-7-8, jimillar gabatar wuta digiri 36 zuwa 38. Giyar Ford da ake kira Toploader mai huɗu, da sandar giya ta kamfanin Hurst. Akwai mai giyar farko 2.32 da mai 2.78, ta biyun ta fi sauƙin tashi. Gidan kuloci na ƙarfe, a daidaita shi da kiranshaf kada ya kauce fiye da inci 0.005, in ba haka ba giya ta riƙa fita da kanta. Af, duk notunan motar nan na inci ne. A ajiye sifanun milimita gefe, kada a kashe kan noti.

Bashir: To birki fa? Ni dai faifai zan sa a gaba, kowa ya ce abin da zai ce.

Alhaji Garba: Sai ka daina cewa ta 1969 ce. Diram ne a ƙafa huɗu, manya masu faɗin inci uku, da lainin ƙarfe. Birkin faifai bai karɓu a NASCAR ba sai da Mark Donohue ya ci Riverside a Janairun 1973 da AMC Matador ta Roger Penske. Rim ɗin ƙarfe ne inci 15, noti biyar a da'irar inci biyar, kuma ta ramukansa ana hango abin da ke ciki.

Injiniya Hadiza: Alhaji, Allah ya ƙara girma, a nan zan ɗan saɓa muku. Lainin ƙarfen nan ba ya kamawa sai ya yi zafi, takun farko da safe kamar babu birki. Su a Daytona kusan ba sa taɓa birki sai za su shiga shan mai. Idan motar nuni ce da zagaye a hankali, diram da laini mai laushi ya yi, na yarda. Idan za a sake ta a filin tsere mai kwanoni tare da wasu motoci, faifai a gaba, a shafa masa baƙin fenti. Kuma ko wanne aka zaɓa, uwar birki ta zama mai gida biyu, gaba daban baya daban.

Alhaji Garba: Mai gida biyu ba gardama, motocin kasuwa ma a Amurka suna da ita tun 1967. Faifan ne ban sa hannu ba.

Malam Sani mai walda: Irin wannan saɓanin zai dawo a kan ragar taga. A 1969 babu ita. Bayan hatsarin Petty a Darlington a watan Mayun 1970, da aka ga hannunsa yana fita ta taga, aka wajabta ta. Mafita: a yi mata maƙalai a jikin keji, a sa idan za a yi gudu, a cire ranar nuni. Kujera ma haka, ta lokacin kujerar kasuwa ce da aka ƙara mata tokari a haƙarƙarin dama, ba madogarar kai. A yi mazauni mai ɗaukar kujeru biyu ana musanyawa. Bel sabo mai baƙin zare, maɗaurinsa a jikin keji.

Tanki kuwa tarihi da tsaro sun haɗu. Bayan gobarar da ta yi ajalin Fireball Roberts a 1964 aka koma tanki mai jakar roba a cikin akwatin ƙarfe, na Firestone, galan 22, wajen lita 83. A sayi sabo. Jakar tana tsufa, shekara biyar ake ba ta, soson cikinta kuma yana ruɓewa ya toshe filta. A sa bawul mai rufe kansa idan mota ta kife, a toshe tsakanin but da ɗakin direba da farantin ƙarfe ba ko ƙaramin rami.

Nura: Saitin ƙafafu fa, a bi na masu tseren?

Injiniya Hadiza: A'a. Nasu an karkata shi don kwanar hagu kaɗai: tayar dama ta fi ta hagu girma kaɗan, sifirin dama ya fi tauri, kwanciyar tayoyin gaba ta bambanta. Ka sa wannan a miƙaƙƙiyar hanya, motar za ta riƙa janka hagu. Yi gefe biyu iri ɗaya. Tayar lokacin mai saƙar giciye ce, radiyal bai shigo NASCAR ba sai 1989, kuma mai saƙar giciye ba ta son kwanciya da yawa, rabin digiri zuwa ɗaya ya isa. Sitiyari ba mai taimakon mai ba ne, don haka karkatar ƙafar gaba zuwa baya kada ta wuce digiri biyu zuwa uku, in ba haka ba juya ta a tsaye sai ƙato.

Aksil na baya Ford mai inci tara, irin wanda nauyin mota ke kan bututu ba kan sandar ba, ko sandar ta karye taya ba ta ficewa. Lissafin giyarsa: gudun mil a awa, sau giyar, sau 336, a raba da tsayin taya a inci. Da giya 3.50 da taya inci 27.5, a mil 65, wato kilomita 105, inji yana juyi kusan 2,780. Giyar Daytona da ke ƙasa da 3.00 za ta ƙona maka kuloci wurin tashi.

Ɗanlami fanabita: Saura fenti, inda ake ɓata aikin shekara a rana ɗaya. Fenti mai hawa ɗaya, ba mai rufin gilashi da ke sheƙi kamar an jiƙa shi ba. Lamba da sunan direba da girman inji a kan bonet duk da buroshi aka rubuta su, ana ganin sawun gashin. Sitika da kwamfuta ta yanka tana tona asiri daga nesa. Lamba 17 ta David Pearson, wanda ya ɗauki kambun 1968 da 1969, shuɗi da ruwan zinare ce. Ƙananan tambarin madigadi a bi hoto ɗaya bayan ɗaya: tambarin kayan gyara Autolite ne a motocin Ford, Motorcraft sai 1972. Sunan Winston a gasar sai 1971, kafin nan Grand National ake ce mata. Rubutun taya fari, rawaya na shekarun 1990 ne. Agogunan dashbod Stewart-Warner masu baƙar fuska a kan farantin ƙarfe, sitiyari babba an naɗe shi da baƙin tef.

Alhaji Garba: Ƙari ɗaya a kan wannan. Lambar bodi ta asali a bar ta inda take, kuma kada a buga farantin Holman-Moody na jabu a manna. A ajiye hotunan aikin da takarda mai cewa kwafi ce, da abin da ke cikin injin, ko da bonet ya ce 427.

Nura: Na gode ƙwarai. To fentin kafin a haɗa ne ko bayan an haɗa?

Malam Sani mai walda: Bayan. A haɗa motar gaba ɗaya tana tsirara, inji da lagireto da bututun hayaƙi da tanki, a sauke ta kan tayoyinta da mai rabin tanki da nauyin direba a kujera. A juya sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe a ga inda taya ke gogar madigadi, a duba bonet yana rufuwa a kan murfin iska, bututun hayaƙi bai kusanci bututun birki ba. A tuƙa ta a hankali a fili, a dawo a sake ɗaure notunan taya, a taɓa kowane diram a ji ko wani ya fi sauran zafi, alamar lainin ya matse ke nan. Duk yanka da walda da za a ƙara a gama su a wannan matakin. Sannan a warware ta, a sa wa kowane ƙulli na notuna suna a leda, a miƙa wa Ɗanlami.